Hajiya ta tambaye ni ko masara za ta sauko, ni kuma na san za ta sauko

Baban Walida, Tudun Hatsi, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata magana da ta hana ni sukuni, kuma ba na son kai ta gaban 'yan layinmu, don kafin la'asar sai ta zaga Tudun Hatsi kaf.

Sana'ata hatsi. Da kaka nakan bi ƙauyukan Akko da Kwami da Yamaltu-Deba in tara masara, in kawo Gombe in sa mata magani in jibge a sito, sai damina ta kankama in fara fitarwa. Bana buhu 200 na ajiye. Kuɗin ba nawa ba ne, na Yayana ne da ke aiki a Fatakwal. Shi ya ba da jari, ni kuma wahala da sa ido, riba mu raba biyu. Kowane buhu ya tsaya mana a naira 43,000 in an haɗa kuɗin mota da 'yan dako da hayar sito da magani. Na sayar da 80, saura 120. Yau a kasuwa 48,000 ake sallamawa.

Akwai wata Hajiya, tsohuwar malamar firamare, da ta yi ritaya ta zuba kuɗin sallamarta a kiwon kajin ƙwai a bayan gari. Ta daɗe tana saye a wurina, yau buhu biyar gobe goma, ba ta taɓa riƙe mini ko sisi ba. Tsadar 2024 ta gasa mata aya a hannu, har sai da ta sayar da wasu kajin don ta ciyar da sauran. Tun daga nan take tsoron masara. Jiya ta zo ta ce tana so ta kwashe 120 ɗin gaba ɗaya ta huta. Ta ɗauki adashi, ta kuma ci bashin ƙungiyarsu ta 'yan fansho. Litinin za ta turo kuɗin.

Ga abin da na sani ita ba ta sani ba. Wani babban dila a layinmu bashin banki ya taso shi a gaba, zai buɗe sitocinsa biyu mako mai zuwa. Ba jita-jita ba ce, yaronsa ne ya zo ya ce in samo masa 'yan dako. Na biyu, abokin hulɗata a Taraba ya bugo ya ce sabuwa ta fara fitowa can, kuma da idonsa ya ga ana yi wa tireloli uku lodi zuwa Gombe. In waɗannan biyun suka haɗu, a sanina da kasuwar nan, masara za ta iya komawa 40,000.

Da ba ta tambaye ni ba, da ƙila ban rubuto ba. Tana tsaye bakin sito, ta zura hannu cikin buhun da na farke mata, ta ɗebo, ta ciji ƙwaya ɗaya don ta ji bushewarta, sai ta ɗago ta ce, "Alhaji, kai da kake cikin abin, kana ganin za ta sauko kuwa?" Na ce, "Hajiya, kasuwa ai sai Allah." Ta ce haka ne, ta tafi.

Masarar lafiya lau take, ba ƙwaro ba tsakuwa, ba a jiƙa ta ba, buhu cike. Farashin kuma na kowa ne, ban ƙara mata ko kwabo ba. To ina laifina in na karɓi kuɗinta ranar Litinin? In kuma na faɗa mata ta fasa, asarar a kan Yaya za ta faɗa, mutumin da ya ba ni amanar gumin sa. Masu ilimin boko da na addini da 'yan kasuwa, kowa ya tofa.

Malamin Aji

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ɗa'ar kasuwanci nake koyarwa, kuma da ɗalibaina za su samu tambaya irin taka a jarrabawa da sun yi gumi.

Masana falsafar ɗabi'a sun rabu a kan inda ake duba daidai da kuskure. Jeremi Bentam na Ingila, wanda ya rasu a 1832, da Jon Mil da ya biyo bayansa, sun ce a duba sakamako: aikin da ya fi kawo alheri da rage wahala ga duk waɗanda abin ya shafa, shi ne daidai. Mu yi lissafin da kai. In ka yi shiru, kai da Yaya kun ci ribar 600,000. In ka faɗa ta jira, ka sayar a 40,000, kun faɗi da 360,000. Tazarar 960,000 ke nan, kuma ita ce daidai abin da Hajiya za ta yi asara in ta saya yau. Wato kuɗin ba ƙaruwa suke ba, aljihu kawai suke sauyawa. Sai tambayar ta koma: wa abin zai fi yi wa ciwo, mai albashi a Fatakwal ko 'yar fansho mai bashi a wuya? A nan ma'aunin ya karkata wajenta. Amma mai wannan ra'ayi zai ƙara da cewa in aka hana masu ajiyar hatsi cin moriyar abin da suka sani, wa zai ƙara ɗaure kuɗinsa a sito wata bakwai? In ba masu ajiya, da bazara garin ba hatsi. Rauninsa a wurina shi ne kai ne mai awo, kuma kayanka ne a cikin mudun. Da wuya hannu bai karkata ba.

Imanuwel Kant, Bajamushe, ya ce a bar zancen sakamako. Ka fito da ƙa'idar da kake aiki da ita, ka tambayi kanka ko za ka yarda kowa ya bi ta. Taka ƙa'idar ba "zan sayar a farashin kasuwa" ba ce, wannan ba wanda zai ja da ita. Ita ce: "in mai saye ya tambaye ni abin da na sani, zan ba shi amsar da za ta sa ya ɗauka ban sani ba." Da kowane ɗan kasuwa haka yake yi, da ba mai ƙara tambaya, da kuma amsar taka ba ta yi aiki a kan Hajiya ba. Ta yi aiki ne kawai don ta yarda da kai. Kant ya bambanta kama baki da yin ƙarya, kuma ba ya cewa dole ka zazzage wa kowa cikinka. Amma "kasuwa sai Allah" daga bakin wanda aka nemi 'yan dako a wurinsa ta wuce kama baki. A rubutunsa na 1785 ma mai kanti ya kawo misali da shi: wanda ba ya tsawwala wa yaro ƙarami farashi, amma don kada kantinsa ya yi baƙin jini. Ya ce wannan dabara ce, ba sauke nauyi ba. Don haka in za ka faɗa mata don kada ka rasa kwastoma ne kawai, a wurin Kant ba ka ci maki ba, ko da yake ita dai ta tsira.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, tambayarka ta girmi dukansu. Sisero na Rum ya kawo ta a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani falke ya ɗauko hatsi daga Iskandariyya zuwa tsibirin Rodas ana cikin yunwa, kuma a hanya ya wuce wasu jiragen ruwa maƙare da hatsi suna tafe. Ya faɗa wa mutanen gari, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Sisero ya kawo malamai biyu, malami da almajirinsa. Malamin ya ce aibin kaya ne dole a faɗa, labarin jirage kuwa ba bashin kowa ba ne. Almajirin ya ce ɗan'adam ɗan'uwanka ne, ba ka ɓoye masa abin da rayuwarsa ta rataya a kai. Sisero ya goyi bayan almajirin. Bayan ƙarni goma sha uku Toma Akwinas, malamin addinin Kirista, ya sake dubawa, ya ce falken bai yi zalunci ba in ya sayar a farashin ranar, amma faɗar ta fi nagarta. Sai dai ka lura, a labarin nan ba wanda ya tsaya bakin jirgi ya tambayi falken.

Sarkin Taya, Muda Lawal, Bauchi

Malam, duk waɗannan Turawan da ka lissafo akwai wanda ya taɓa kwana da buhu 120 a sito farashi na zubewa?

Alhaji ka saurare ni, ni ɗan'uwanka ne a sana'a. A watan Yulin 2024 da gwamnati ta ce ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, wa ya bugo maka waya ya ce ga abin da ke tafe? Mutane nawa muka sani da suka saya da tsada, kasuwa ta karye a kansu, har yau ba su miƙe ba? Akwai mai kaji ɗaya da ya zo ya ce, "Alhaji, na ga ka faɗi, bari in ƙara maka dubu biyu a buhu"? Da ta tashi kuma mu ne azzalumai masu ɓoye abinci, har aka bi wasu rumbuna a Dawanau aka garƙame a Fabrairun shekarar. In ta hau a zage mu, in ta sauka a yi mana dariya.

Hajiya ba yarinya ba ce, 'yar kasuwa ce kamarka. Ita ma caca take da farashi: tana so ta saya yau don tana zaton gobe za ta fi tsada. Da zatonta ya ci, za ta dawo maka da rara? In ƙwai zai yi tsada da azumi, tana yi wa masu shayi bushara tun da wuri?

Sannan abin da kake kira sani, rabinsa zato ne. Tirelolin nan ana iya karkatar da su Kano a hanya. Sabuwar masara da danshi take zuwa, mai kaji mai hankali ba ya jibge ta, sai ta yi fumfuna ta kashe masa kaji. Tsohuwa busasshiya irin taka kullum tana da nata farashin. Dilan nan kuma yana iya samun mai saye ɗaya daga Jos ya kwashe duka, kasuwa ba ta ko motsa ba. Ka faɗa mata ta fasa, masara ta haura 52,000, wa za ta zaga?

Kuma kuɗin Yayanka ne. Kyauta da kayan wani ba kyauta ba ce. Ka karɓi kuɗinka, ka ƙara mata buhu ɗaya gyara in zuciyarka ta dame ka.

Almajirin Zaure, Bolari

Bismillah. Ni ɗalibi ne, ba mai fatawa ba, kuma Alhaji ya kamata ka zauna da malamin unguwarku baki da baki. Amma ga abin da muka karanta.

Da farko a ware abubuwan da ba su shiga nan ba. Algus bai shiga ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya zura hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, wannan aibi ne a jikin kaya, kai kuma ka ce masararka lafiya take. Ɓoye abinci ma bai shiga ba, tunda fitarwa kake yi, kuma abin da malamanmu na Malikiyya suka hana shi ne ajiyar da ke cutar da kasuwa. Ciniki a farashin yau, da yardar juna, ingantacce ne. Ba na jin akwai alƙalin da zai warware shi.

Amma shari'a ba ta ɗauki rashin sanin ɗaya ɓangaren a matsayin ganima ba. An hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso su ji farashi, har aka ba mai kayan zaɓi in ya iso kasuwa. A fiƙihunmu kuma akwai cinikin wanda ya saki jiki, ya ce sayar mini yadda kake sayar wa mutane, ni ban san farashi ba. In aka cuce shi yana da haƙƙin mayarwa. Hajiya ta san farashin yau, don haka ba ita ce wannan ba kai tsaye. Sai dai da ta ce "kai da kake cikin abin", ta tashi daga mai taya kaya ta koma mai neman shawara, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Kana da damar ka ce, "Hajiya, ni mai sayarwa ne, kada ki nemi shawarata a wannan, ki bincika a kasuwa." Wannan gaskiya ce, kuma ta isa ta farkar da ita. Abin da ba ni da natsuwa da shi shi ne a sa sunan Allah a rufe abin da aka sani.

Sarkin Taya ya yi gaskiya a wuri ɗaya, kuma babba ne. Abin da ke tsakaninka da Yayanka ƙirali ne: jari nasa, aiki naka, in an faɗi asarar kuɗi tasa ce, kai wahalarka ce ta tafi. Mai juya kuɗin ƙirali ba shi da ikon yin rangwame na alheri da dukiyar mai jari sai da izininsa. Amma amanar Yaya ba ta halatta maka abin da shi kansa bai halatta gare shi ba. Ka kira shi kafin Litinin.

Imamu Gazali ya kawo labarin wani tabi'i a Basra da yaronsa ya aiko masa daga garin Sus cewa rake ya lalace bana, ya sayi sukari. Ya saya da yawa, ya ci ribar dubu talatin. Da dare ya kasa barci, ya ce na ci dubu talatin na rasa yi wa Musulmi nasiha. Da safe ya kai wa wanda ya sayar masa. Mutumin ya ce yanzu ai ka faɗa mini, na yafe maka. Ya koma gida, ya sake tunani ko kunya ce ta sa ya yafe, ya dawo ya matsa har sai da ya karɓa. Wannan matakin tsantseni ne, ba a tilasta wa kowa shi. Hadisin Hakimu ɗan Hizam da ke Buhari da Muslim kuwa na kowa ne: in masu ciniki biyu suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar cinikin.

Malamin Aji

Sarkin Taya, ba ka san kana da malami a Amurka ba. Milton Firidman, masanin tattalin arziki, ya rubuta a 1970 cewa wanda ke juya dukiyar wasu aikinsa ya nemo musu riba, in ya yi alheri da ita to kuɗin wani yake kashewa. Amma ko shi sai da ya sa sharaɗi: ba yaudara, ba zamba. Maganarka ta cewa rabin sanin zato ne kuwa na karɓa. Sai dai maganinta ba shiru ba ne. Alhaji ya faɗa mata yadda abin yake, wannan na gani, wannan an faɗa mini, wannan kuma hasashena ne, zai iya kuskurewa. Ita ta yanke da kanta.

Maman Kaji, Tumfure

Ni ma kaji nake kiwo, bari in faɗa muku yadda abin yake daga wannan gefen. Mu ba ma zama a kasuwa. Daga gona sai gida sai wurin mai niƙa. Shi ya sa kowace cikinmu take da mutum ɗaya a Tudun Hatsi da take kira, kuma a kan maganarsa muke cin bashi. Baba Sarkin Taya, ba caca Hajiya take yi ba, tsoro take ji. Kaza mai ƙwai in ta yi kwana biyu abincinta ya ragu, ƙwai ya ja baya, kafin ya dawo an sha wuya.

Alhaji, ko ka faɗa mata ba duka za ta fasa ba. Tana buƙatar busasshiya yanzu-yanzu, kuma ta san sabuwa ba ta ajiyuwa. Abin da za ta fasa shi ne cin bashi don ta tara ta wata uku. Kuma ka sani, ranar da masara ta faɗi za ta tuna ta tambaye ka, za ta tuna amsar da ka ba ta, kuma a ƙungiyarmu ba a ɓoye irin wannan.

Baban Walida, Tudun Hatsi, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na kira Yaya bayan isha'i. Bai ji daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba. Ya ce shi bai aiko kuɗinsa don a buɗe ofishin ba da shawara ba, kuma maganar da Sarkin Taya ya yi ta tireloli, kusan ita ya maimaita mini. Na ce masa ni ba rangwame zan yi mata ba, farashi yana nan 48,000, amsar tambayarta kawai zan ba ta. Muka yi ta ja har katina ya ƙare ya kira ni. Inda muka tsaya: in faɗar da na yi ta jawo faɗuwa a sauran buhunan, a fara cirewa daga rabona na ribar 80 ɗin da aka riga aka sayar. Ni na kawo wannan da bakina, ba shi ya nema ba. Almajirin Zaure, ka tambayar mini malaminku ko hakan ya halatta a ƙirali, don na ji kamar an ce ba a ɗora wa mai aiki lamunin jari.

Da safe na bugo wa Hajiya. Ban ambaci sunan dilan ba, don sirrin bashinsa ba nawa ba ne. Na ce mata akwai kaya masu yawa da nake sa ran za su shigo kasuwa cikin mako, ina zaton za ta sauko, amma ban rantse ba. Ta yi shiru, sannan ta ce me ya sa ban faɗa mata shekaranjiya ba. Na ce sai da na nemi izinin mai kuɗin. Ta ce a auna mata 45 a farashin yau, bashin ƙungiya kuma za ta mayar musu. Saura 75 ke nan a sito.

Malamin Aji, ban san wanne daga cikin mutanenka na bi ba. Na dai san har yanzu in na tuna 75 ɗin nan sai cikina ya juya.

Sarkin Taya, Muda Lawal, Bauchi

To Alhaji, tunda ka zama mai gaskiya har ka sanar da duniya tireloli na hanya, ni ma na ji. 75 ɗin nan na taya 41,000, kuɗi hannu, motata za ta taso daga Alkaleri gobe da sassafe. In ka sallama ka yi magana kafin azahar.

Baban Walida, Tudun Hatsi, Gombe

Albarka. Kai da ka ce za a karkatar da su Kano? Ka kawo 46,000 mu yi magana, kuma kuɗin 'yan dako naka ne.